Kafin a Sayo Kekunan, a Dubi Titin

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta doshi 500 cikin 'yan kwanaki, daga bisani har ta haura 1,000, maganar keke ta dawo bakin mutane. Wasu magidanta sun ajiye mota, sun kakkaɓe tsohon Phoenix ɗin da ya daɗe a jingine a zaure. Masu yawon ƙasashe kuma, waɗanda suka ga Landan da Paris da Dubai, sun dawo da tasu shawarar: me zai hana gwamnatocinmu su kawo irin kekunan hayar nan na birni, waɗanda mutum zai zaro a wata tasha ta bakin titi da kati ko da wayarsa, ya hau zuwa inda za shi, ya maƙale a wata tashar can, ya yi gaba abinsa?

Shawarar ba ta da laifi. Abin da nake tsoro shi ne yadda muka saba karɓar irinta. A ba da kwangila, a sayo kekuna ɗari biyar, a shafa musu fenti a manna hoton mai girma gwamna, a kafa rumfa a yanke ƙyalle, bayan wata shida a same su a bayan sakateriya, tayoyi sun sace, kaca ta yi tsatsa. Sai a ce ai mutanenmu ne ba su waye ba. Alhali akwai biranen da suka fi mu kuɗi da tsari, suka zuba irin waɗannan kekuna a tituna, mutanensu suka ƙi hawa, akwai kuma waɗanda aka hau har keke ya yi ƙaranci. Idan aka bi labarin waɗannan da na waɗancan, za a ga a cikin duk abubuwan da ke sa mazaunin birni ya miƙa hannu ya zaro keken haya, keken kansa shi ne mafi ƙarancin muhimmanci. Shi ya kamata a saya daga ƙarshe.

Hayar keke dai ba baƙuwarmu ba ce. Duk wanda ya tashi a Kano ko Zariya ko Damagaram ya san mai hayar keke na unguwa. Yana zaune a gindin dalbejiya da famfonsa da kwanon ruwan duba faci, kekuna biyar ko shida jingine a bango, ƙarami na 'yan koyo da babba mai sanda wanda yaro sai ya zura ƙafa ta ƙarƙashi kafin ya kai feda. Ka miƙa kuɗinka, ya dubi agogon hannunsa, ya ce maka lokacin dawowa. Ba takarda, ba jingina. Idan ka wuce lokaci, kana dawowa zai tare ka da "Kai, ina ka tsaya?" Idan ka karya birki kuwa, ya san gidanku, ya san mahaifinka, da magariba za a ji sallamarsa a ƙofar gida. Sanayya ce jarin wannan sana'a, kuma ita ce Turawa suka shafe shekara arba'in suna neman abin da zai tsaya a madadinta a birnin da ba wanda ya san wani.

A 1965 wasu matasa 'yan tawayen zamani na ƙungiyar Provo a Amsterdam, cikinsu har da Luud Schimmelpennink, suka shafa wa wasu kekuna farin fenti suka bar su a titi ba kwaɗo, kowa ya hau ya ajiye wa na baya. Ba a je ko'ina ba 'yan sanda suka kwashe su. A 1995 birnin Kofanhegan ya gwada wata dabara: ka zura tsabar kurona 20 keke ya buɗe, ka mayar da shi kuɗinka ya faɗo. To amma wanda ya yi niyyar ɗauke keke, kurona 20 ba za ta hana shi ba. Sai da katin zamani ya zo, wanda ke ɗauke da sunan mai haya da asusunsa na banki, sannan abin ya zauna da gindinsa, a Rennes a 1998, a Lyon a 2005, sannan a Paris ranar 15 ga Yulin 2007, lokacin da magajin gari Bertrand Delanoë ya buɗe tsarin Vélib' da kekuna kusan 10,000 a tashoshi 750. Katin nan shi ne ya zama "ɗan gidan wane". Ko da hakan an sace dubbai a shekarun farko, wasu daga kogin Seine aka tsamo su, amma mutanen Paris sun hau, sun kuma ci gaba da hawa.

Abu ɗaya ne tsarin ya ƙara a kan na mai hayar unguwarmu, kuma shi ne dukkan sirrin: ba sai ka mayar da keken inda ka ɗauke shi ba. Shi ya sauya keken haya daga abin wasan yara da yamma ya koma abin zuwa wurin aiki.

Daga nan abu na farko ya fito, wato kusanci. Da masu bincike suka yi ta tambayar mahaya a Landan da Washinton da Montreal da biranen Ostireliya dalilinsu na hawa, amsar da ta fi yawa ba kishin muhalli ba ce, ba neman lafiya ba ce. Sauƙi ne. Akwai tasha kusa da gidana, akwai wata kusa da wurin aikina, kuma keken ya fi jiran bas sauri. Paris ta gane wannan tun farko, ta jera tashoshinta kusan kowace mita 300, ta kuma ninka kekunan zuwa kimanin 20,000 cikin ɗan lokaci. Mita 300 tafiyar minti huɗu ce a ƙafa. Mutum ba ya buƙatar taswira ko tambaya, ya san idan ya miƙe kaɗan zai ci karo da tasha. Mu da muka ga yadda masu POS suka ƙwace wa bankuna layi mun san wannan hali na ɗan Adam. Mai POS yana cajin kuɗi, banki kyauta ne, amma shi yana bakin lungu, banki kuwa sai an hau abin hawa.

Birnin Seattle na Amurka ya yi akasin Paris. A 2014 ya buɗe tsarinsa mai suna Pronto da kekuna 500 da tashoshi 50, a gari mai faɗi, mai tuddai, mai yawan ruwan sama. Ka ɗauki keke a nan, inda za ka babu wurin ajiyewa. A watan Maris na 2017 aka rufe shi. Wannan shi ne tarkon da ke jiran duk gwamnatin da ke son ta "gwada da kaɗan tukuna". Idan kaɗan ɗin aka warwatsa shi a faɗin gari don kowace unguwa ta ce an sa mata, gwajin ya faɗi tun kafin a fara, kuma sakamakonsa ba zai nuna komai ba game da ko mutane na so ko ba sa so.

Kusancin ma bai isa ba sai da tabbaci. A yi tunanin ma'aikaciyar da ta fito ƙarfe bakwai da rabi, ta iso tashar unguwarsu ta tarar da ramukan maƙala keke ashirin duk wayam, sai guda ɗaya da aka juya sirdinsa baya, alamar da mahaya ke yi wa juna cewa wannan ya lalace. Ko kuma ta samu keken, ta isa bakin ofis saura minti biyar, ta tarar tashar can ta cika maƙil babu ramin da za ta saka nata, agogon haya kuma yana ta tafiya. Sau biyu ko uku hakan ta faru da ita, ta koma jirgin ƙasa, kuma da wuya ta dawo. Matsalar daga ɗabi'ar gari take: da safe kowa cikin gari ya nufa, da yamma kowa gida. Tudu ma yana da nasa sharrin. A unguwar Montmartre da ke kan tudu a Paris, kowa na son gangarowa a keke, ba mai son hawa da keke mai nauyin kilo 22. Sai tashoshin sama su bushe, na ƙasa su cushe. Dole kamfanin da ke tafiyar da Vélib' ya riƙa yawo da motoci dare da rana yana kwashe kekuna daga nan yana kaiwa can, har ya sa tukwicin ƙarin minti 15 ga duk wanda ya kai keke tashar kan tudu. A New York, inda Citi Bike ya fara a 2013, har maki ake ba mahayan da suka yarda su ɗauki keke daga tashar da ta cika su kai wadda ta bushe. Wannan jigila da gyaran yau da kullum su ne ke cinye kuɗin tsarin, ba sayen kekunan ba. Su ne kuma irin aikin da ba a yanka masa ƙyalle, saboda haka su ne farkon abin da kasafin kuɗinmu zai manta.

Amma abin da ya fi duk waɗannan nauyi, a ganina, shi ne tsoro.

A shekarun 2000 wani jami'in kula da harkar keke na birnin Portland, Roger Geller, ya kasa mutanen garinsa kashi huɗu. Ƙasa da kashi 1 cikin 100 za su hau keke ko a wane irin titi, ba ruwansu. Wajen kashi 7 suna hawa idan an ɗan gyara musu hanya. Kusan kashi ɗaya cikin uku ba za su hau ba ko me aka yi. Sauran kuwa, kimanin kashi 60, suna sha'awa amma suna tsoron mota. Alƙaluman na Portland ne, amma duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin titin Zariya a Kano da ƙarfe biyar na yamma, tirela ta dama, ɗan adaidaita sahu ta hagu yana yanko hanya ba sigina, zai gane wannan kashi 60 ɗin, wataƙila ma ya ga kansa a ciki. Tsarin keken haya ba ya rayuwa da kashi 1 na marasa tsoro, domin su suna da kekunansu tuntuni. Yana rayuwa ne da masu tsoron nan, kuma su ba talla ke fito da su ba, hanya ce.

Birnin Sebiliya na kudancin Sifaniya shi ne shaidar da na fi so, don ba gari ne mai tsohuwar al'adar keke irin Amsterdam ba, kuma zafinsa a lokacin bazara yana haura digiri 40. Tsakanin 2006 da 2007 hukumar birnin ta shimfiɗa hanyoyin keke kusan kilomita 80 a haɗe da juna, galibi a wuraren da a da ake faka motoci, ta raba su da titin mota da shinge na gaske. Masu motoci sun yi ta ƙorafi. A 2007 ɗin kuma aka kawo kekunan haya na Sevici suka hau kan hanyar da aka riga aka share musu. Cikin 'yan shekaru tafiye-tafiyen keke a garin suka tashi daga ƙasa da kashi 1 cikin 100 zuwa wajen kashi 6. A lura da jerin: hanya tukuna, sannan keke. A lura kuma da shingen. Layin fenti a kan kwalta ba ya tare mota ko a Turai, balle a garin da mai kayan gwari zai baza tumatirinsa a kai kafin fentin ya bushe.

Mu ma muna da namu darasin, sai dai mun mayar da shi abin dariya. A 2001 ministan sufuri na gwamnatin Obasanjo, marigayi Ojo Maduekwe, ya fito da kamfen na hawan keke, shi da kansa yana tuƙawa zuwa taron majalisar zartarwa a Abuja da 'yan jarida a bayansa. Wata rana bas ta ture shi ya faɗa kwata. Jaridu suka samu abin zane, maganar keke ta mutu. Ni kuwa ina ganin mutumin ya yi gaskiya a manufa, kuma hatsarin nasa ya faɗi abin da ya rage: idan titin Abuja, mai faɗi da kwalta mai kyau, bai bar minista ya isa ofis lafiya ba, da wace hujja za a ce wa malamin firamare ya ɗora rayuwarsa a kai?

Akwai wani abin mamaki a nan game da hular kwano. Jihar Biktoriya ta Ostireliya ta wajabta wa masu keke sa hular tun 1990. Da birnin Melbourne na wannan jiha ya buɗe kekunan hayarsa a 2010, kekuna 600 a tashoshi kusan 50, sai dokar ta zame masa ƙarfen ƙafa. Amfanin keken haya shi ne ka gan shi ka yi sha'awa ka hau nan take, to wa ke yawo da hular kwano a jaka don ko da zai yi sha'awa? An sayar da huluna da araha a shaguna, an rataya wasu kyauta a jikin kekunan, mutane suka ƙyamaci sa hular da gumin wani ya jiƙa. Kowane keke bai fi hawa ɗaya a rana ba, a ƙarshen 2019 gwamnatin jihar ta rufe tsarin. Dublin kuwa, da ta fara a 2009 da kekuna 450 kacal a tashoshi 40 da aka cusa a tsakiyar gari, ba tilascin hula, tsarinta ya shiga sahun waɗanda aka fi hawa a Turai. Birnin Meziko ma sai da ya soke tasa dokar hular a 2010 da zai buɗe Ecobici. Kada a fahimce ni ba daidai ba, hular kwano tana kare kai, kuma wanda ya samu ya sa. Abin da labarin ke nunawa shi ne duk wani ƙaramin cikas da aka sa tsakanin mutum da keken, komai kyan niyyarsa, yana korar mahaya fiye da yadda masu ofis ke zato.

Kuɗi ma cikas ne, amma ba ta fuskar da aka fi zato ba. Farashin kansa yawanci mai sauƙi ne: Vélib' ya fara da yuro 29 a shekara, minti 30 na farkon kowace tafiya kyauta, daga nan caji ya riƙa hauhawa don kada mutum ya riƙe keke yini guda. Birnin Hangzhou na ƙasar Sin, da ya fara a 2008, awa guda ya bayar kyauta. Inda gizo ke saƙa shi ne ƙofar shiga. Idan sai mai katin banki, mai babbar waya, mai data, mai rarar kuɗin da za a riƙe masa a matsayin jingina, to an riga an tace mahayan. Shi ya sa a biranen Amurka da Ingila binciken da aka yi ya yi ta nuna cewa mafi yawan mahaya maza ne, matasa, masu ilimi da abin hannu, wato waɗanda ba su ne suka fi buƙatar abin hawa mai araha ba. Tashoshin ma a unguwanninsu aka fi kafawa. Philadelphia ta yi ƙoƙarin gyara wannan a 2015 da ta ba da damar biya da tsabar kuɗi, Chicago kuma a shekarar ta fito da rajistar dala 5 a shekara ga masu ƙaramin ƙarfi.

Jinginar kuma amana ce, kuma Sinawa sun ɗanɗana kuɗarsu a kanta. Daga 2016 kamfanoni irin su Ofo da Mobike suka cika biranen Sin da kekuna marasa tasha: ka buɗe kwaɗon da wayarka, ka ajiye duk inda ka ga dama. Mutane sun hau ba kaɗan ba, domin an kai kusanci maƙura, keke yana ƙofar gidanka. Amma kamfanonin suka shiga gasar zuba kekuna da kuɗin masu jari ba lissafi, hanyoyin masu ƙafa suka toshe, hukumomi suka riƙa kwashewa suna jibgewa a filaye tuli-tuli kamar duwatsu. Meituan ya saye Mobike a 2018. Ofo kuwa ya durƙushe, kuma a ƙarshen shekarar mutum sama da miliyan 10 ne ke layin intanet suna jiran a mayar musu da jinginarsu ta yuwan 99 ko 199. Al'ummar da ta sha hannun kamfanonin "zuba kaɗan ka kwashi da yawa" irin tamu, ba sai an yi mata bayanin abin da wannan ke yi wa yarda ba.

Yanayi yana da tasiri, ba musu. Montreal ta shafe shekaru a baya tana kwashe kekunanta na BIXI idan hunturu ya shigo sai bazara a dawo da su. Mu tamu ƙanƙarar ita ce ranar watan Afrilu, da ƙurar hunturu, da ma'aikacin da ba ya son ya shiga ofis shaddarsa ta jiƙe sharkaf. Keke mai batir ya rage wannan matsala sosai. Madrid tun 2014 duk kekunanta na haya masu lantarki ne saboda tuddanta, kuma a biranen da ake haɗa iri biyun mahaya sun fi rububin mai batir. Sai dai batir caji yake so, mu kuwa mun san halin wutarmu. Abin da Allah Ya hore mana shi ne shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Kano da Maiduguri da Maraɗi ba su da Montmartre.

Wani abin da ke tura mutane kan keke shi ne rashin zaɓi. Ranar 9 ga Yulin 2015 da ma'aikatan jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan suka yi yajin aiki, an yi hayar keke sama da sau 70,000 a yini ɗaya. Yajin aikin sufuri na Disambar 2019 a Paris, da annobar korona da ta biyo baya, sun sa dubban mutanen da ba su taɓa tunanin keke ba sun hau, hukumar birnin kuma ta yi wuf ta ƙwace hanyoyi daga hannun motoci, har da babban titin Rivoli, don kada su koma. Wannan ma mun san shi a gida. Da aka hana babura a Maiduguri a 2011 saboda rikicin Boko Haram, garin ya cika da kekuna, manya da yara. A Kano kuwa, da aka hana acaɓa a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, adaidaita sahu ce ta cike gurbin. Duk mai tunanin kawo keken haya Kano ya san ita ce kishiyarsa, ba motar gida ba: tana ko'ina, ana tsayar da ita da ɗaga hannu, tana da inuwa, tana ɗaukar kaya, ba ta tambayar kati. Ko a Turai da Amurka ma, yawancin tafiye-tafiyen keken haya ba daga mota aka ƙwato su ba, daga tafiyar ƙafa ne da bas da jirgi. Saboda haka masu cewa keken haya zai share cunkoson gari ya wanke iska, su rage murya kaɗan.

Sai kuma abin da ba ma son faɗa a fili, wato girman kai. A wurinmu keke matakin farko ne na tsani: daga keke sai babur, daga babur sai mota, kuma wanda aka gani ya sauko mataki an san abin da za a ce. "Wane kuwa lafiya? Jiya na gan shi a keke." Surukai za su ji, masu bin sa bashi za su ji. A Landan da Kofanhegan mai kwat da jakar ofis yana hawa, ɗan majalisa yana hawa, shi ya sa hawan bai faɗin komai game da aljihun mutum. Keken haya ma yana da wata fa'ida a nan da ba a cika lura da ita ba: kowa ya san ba naka ba ne, iri ɗaya ne da na kowa, ba wanda zai auna arzikinka da shi. Maganar mata kuwa ta fi wannan zurfi, kuma ba doka ce za ta warware ta ba. Amma kafin a ce "al'adarmu ba ta yarda ba" a rufe babin, a leƙa Wagadugu, a leƙa Tamale a arewacin Gana, gari mai rinjayen Musulmi, mai zangon Hausawa, inda aka ware wa kekuna hanyarsu a gefen manyan tituna, kuma mace da zanenta da mayafinta take tuƙa keke zuwa kasuwa ba mai waiwayenta. A ko'ina a duniya, yawan matan da ke kan keke shi ne ma'aunin da ya fi nuna ko hanya ta yi aminci.

Afirka ta fara taɓa abin. Marrakesh ta buɗe Medina Bike a 2016 lokacin taron sauyin yanayi na duniya da aka yi a can, da kekuna kusan 300. Kigali ta bi a 2021, Alƙahira a 2022. Duk ƙanana ne idan aka kwatanta da girman biranen, kuma abin da ya kamata mu sa wa ido a kansu ba ranar buɗewa ba ce, shekara ta biyar ce.

Da za a tambaye ni, ba zan ce a fara da gari gaba ɗaya ba. A fara inda sanayyar nan ta mai hayar unguwa take tun asali, inda kowa ke da katin shaida, motoci ba su da yawa, nisa kuma ya fi ƙarfin ƙafa amma bai kai na mota ba: sabon mazaunin Jami'ar Bayero, harabar Samaru ta Jami'ar Ahmadu Bello, Jami'ar Usmanu Danfodiyo, manyan barikoki da rukunan gidaje. Ƙaramin yanki, amma a cika shi da tashoshi, daga ɗakin kwana zuwa aji zuwa masallaci zuwa bakin ƙofa. A karɓi tsabar kuɗi da tiransifa. A ba masu faci da masu gyaran keke na yankin aikin kula da su a kan albashi, don su suka san kaca da birki, ba ɗan kwangilar da zai karɓi kuɗi ya ɓace ba. A rubuta kuɗin gyara na shekara biyar a kasafi kafin a sayi keke ko ɗaya.

A cikin gari kuwa, kekunan suna nan tuni. Leburori da masu gadi da ɗalibai da masu kai kaya kasuwa suna tuƙa nasu kullum a gefen kwalta, tsakanin kwata da tayar tirela, ba wanda ya taɓa gina musu ko taku ɗaya. Gwamnatocin da suka iya gina gadojin sama na biliyoyin naira ba za su ce shingen siminti na kilomita goma ya fi ƙarfinsu ba. Gwamnan da ke son a ga kekunan haya a jiharsa ya fara ware wa waɗannan bayin Allah hanyarsu, ya sa a tsare ta daga masu faka mota da masu kasa kaya. Idan ya kasa wannan, ya bar kuɗin kekunan a baitulmali.